Akwatin Giyar A-Kori-Kura

Hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Gwarzo ta kai kimanin kilomita 70. Ta ratsa ƙasar Rimin Gado da ta Kabo. In kaka ta yi, ba a rasa ganin ƙananan motocin kaya a kanta, waɗanda a ke kira a-kori-kura. Su ne ke shiga ƙauyuka irin su Jama'a da Getso, su ɗebo masara da dawa da gyaɗa, su kai kasuwa. Ran da motar gari ta lalace, amfanin gona ya kan kwana a bakin hanya, mai mota ya rasa abin cefane, manomi kuma ya rasa kasuwar ran nan.

A ƙarƙashin irin wannan mota, daga bayan inji, akwai wani akwatin ƙarfe da a ke kira akwatin giya. Cikinsa akwai ƙafafun ƙarfe masu haƙora, suna cizon juna. A ce ƙarama tana da haƙora 10, babba kuwa 30. Sai ƙaramar ta juya sau 3 kafin babbar ta juya sau 1. Gudu ya ragu ke nan, amma ƙarfi ya ninka sau 3. Don haka mota ke tashi da ƙaramar giya in ta ɗauki kaya, ko za ta hau tudu. In ta miƙe hanya, sa'an nan a sa babba.

Giya iri biyu ce. Akwai wadda direba ke sakewa da hannu, yana taka kuloci da ƙafa. Irin ta ce a tsofaffin a-kori-kura, kamar Peugeot 404 da 504, irin motocin da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Akwai kuma wadda ke sake kanta, watau otomatik. A Amurka kamfanin General Motors ya fara sayar da motoci masu irin wannan giya da yawa, a 1939. Yanzu ta yaɗu ko'ina, har a kan same ta a motocin kaya na hannu da a ke shigowa da su daga ƙetare.

To, yaya ƙarfe zai san lokacin da ya kamata a sake giya? Asirin yana cikin mai. In aka ajiye fanka biyu suna fuskantar juna, aka kunna ɗaya, iskarta za ta juya ɗayar. Haka abin ya ke tsakanin inji da akwatin giya, sai dai maimakon iska, mai ne ke yin turin. Bayan wannan akwai ƙafafun haƙora da aka shirya, ɗaya a tsakiya, ƙanana suna kewaya ta, wani zobe kuma ya kewaye su duka. In aka riƙe ɗaya aka saki wata, sai gudu ya sake. Abin da ke riƙewa kuwa waɗansu faya-fayai ne sirara, jere kamar an kifa faranti bisa faranti. Famfo ya kan tura mai da ƙarfi ta cikin 'yan hanyoyi ƙanana, man ya matse faya-fayan nan, giya ta shiga. A motocin zamani wata ƙaramar kwamfuta ce ke ba da umurnin buɗe hanyoyin man.

Wannan akwati yana da maƙiya biyu, zafi da datti. In aka labta wa mota kayan da ya fi ƙarfinta, ko ta kafe a yashi direba ya yi ta ba ta wuta, sai mai ya yi zafi ƙwarai, faya-fayan su ƙone. Sabon man giya yawanci ja ne garau. In ya koma baƙi, yana ƙauri, to, ɓarna ta auku. Sa'an nan za a ji inji na ruri, mota kuwa ba ta ci gaba.

Mai motar da ya koyi aikin makaniki ya kan so ya gyara abinsa a gida, don kai ta birni akwai tsada. Yana iyawa, amma sai ya kiyaye ƙa'idodi. Da fari zai tsai da motar a wuri mai daidai, ya sa duwatsu ya tare tayoyi, ya cire wayar batir. In ya ɗaga ta da jak, sai ya tokare ta da ƙarafa ko kututture masu ƙarfi. Mai hankali ba ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma ba ya barin yara su yi wasa kusa. Zai tsiyaye tsohon mai a cikin daro, kada ya zuba a ƙasa ya gangara rijiya. Sa'an nan ya kira mataimaka su sauke akwatin, gama ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Ba a buɗe akwatin nan a tsakar gida, balle lokacin hunturu da ƙura ke tashi. Sai a share ɗaki, a yayyafa ruwa, a rufe taga, a shimfiɗa takarda mai tsabta bisa tebur. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe hanyar mai, aikin mako guda ya lalace. Duk abin da aka ciro, sai a jera shi daga hagu zuwa dama yadda aka same shi, a ɗauki hotonsa da waya. Akwai waɗansu 'yan ƙwallayen ƙarfe a hanyoyin mai, ba su kai ƙwayar wake ba. In ɗaya ta ɓace, ko aka sa ta ramin da ba nata ba, giya ba za ta shiga daidai ba.

Bayan an wanke ƙarafan, sai a bari su bushe, ko a hure su da iska. Ba a goge su da tsumma mai zubar da zare. Faya-fayan da suka ƙone, da robobin da ke hana yoyo, da matatar mai, duk sai a sake sababbi. Mutanen yammacin Kano su kan nemo irin waɗannan kaya a kasuwar Ƙofar Ruwa, su tafi da tsofaffin don a gwada. Sababbin faya-fayai kuwa sai a jiƙa su cikin man giya kamar rabin sa'a kafin a sa su, don kada su ƙone tun tashin fari. A kan kuma wanke bututun da ke kai mai wurin sanyaya shi, gama tsohon datti ya kan ɓuya a ciki.

In an gama haɗawa an mayar da akwatin, sai a zuba irin man da masu ƙera motar suka ce. Baƙin mai na inji ba ya yi a nan. A ta da inji, a duba ko akwai yoyo, a auna mai da sandar awonsa. Sa'an nan a gwada motar ba kaya, sannu sannu, ana sauraron shigar kowace giya. In ta shiga lafiya lau, kashegari ta ɗauki buhuna.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Direban da ke duba launin mansa a kai a kai, ya sake shi a kan lokaci, ya kuma ƙi ɗora wa motarsa abin da ba ta iyawa, ya kan shekara da shekaru bai buɗe akwatin giya ba.

Tambayoyi

1. Don me mota ke tashi da ƙaramar giya?
2. In ƙaramar ƙafa tana da haƙora 10, babba 40, sau nawa ƙaramar za ta juya kafin babbar ta juya sau 1?
3. Waɗanne ne maƙiyan akwatin giya?
4. Don me ba a buɗe shi a tsakar gida?