Yaranmu A Alƙahira: Abin Da Suke Ci Da Inda Suke Kwana

Duk shekara, daga Nima da Sabon Zango har Kumasi da Tamale, mukan yi walima mu raka yaranmu filin jirgi don sun sami gurbin karatu a Azhar. Daga nan sai mu zauna jiran ranar da za su dawo da rawani. Kaɗan ne cikinmu ke tambayar abin da yaron zai ci da inda zai kwana.

Hanyar dai tsohuwa ce. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makaranta da masauki a Alƙahira, kuma a masallacin Azhar an keɓe wa ɗaliban Barno sashensu na zama. A yau masaukin baƙin ɗalibai shi ne Madinatul Bu'us da ke wajen Abbasiyya, wadda aka buɗe a 1959. Wanda ya sami tallafin Azhar, wato minha, yana da gado da abinci da ɗan kuɗin kashewa duk wata. Wanda ya tafi da kuɗin gida kuwa, haya zai nema, galibi a Hayyul Ashir cikin Madinatu Nasar, inda ɗalibai ke haɗa kuɗi su kama gida ɗaya, su yi girki bi da bi. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 jama'a suka kwararo birnin, kuɗin haya ya hau.

Wanda ya saba da koko da ƙosai da safe, can sai ful, wani wake mai faɗi da ake dafawa har ya nuna luguf, da gurasa, da ɗa'amiyya wadda ita ce ƙosansu. Da rana akwai kushari, haɗin shinkafa da taliya da adas. Ciki yana cika, amma kewar tuwon zafi da miyar kuka tana nan. Shi ya sa ƙullin kuka da daddawa da yaji ya fi tsarabar yadi daraja a wurinsu.

Sai sanyi. A Janairu ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da 10 da dare, kuma yawancin gidajen haya ba su da abin ɗumama ɗaki. Hunturunmu na nan wasa ne. Yaron da ya sauka da jallabiya biyu, bargo da rigar sanyi zai fara saye kafin littafi.

Larabcin makarantarmu ma ba ya isa kasuwa. Mutanen Alƙahira na furta jimun kamar "ga", su mai da ƙaf tamkar alif, har mai haddar nahawu ya kasa ciniki da direba. Sannan akwai jarrabawar tantance matsayi. Da yawa akan mai da su ajin koyon harshe ko na sakandare kafin su shiga kulliya, sai shekara huɗun da muka ƙirga ta ƙaru. Ga sabunta takardar zama, wato iƙama, wadda ke cin kuɗi da kwanaki, kuma ba ta ba ɗalibi izinin aiki ba.

Babbar matsalar ita ce darajar kuɗi. A Nuwamba 2016 dala ta tashi daga ƙasa da fam 9 na Masar zuwa kusan 18, a Maris 2024 kuma daga wajen 31 zuwa kusan 50. Wanda ake aiko wa kuɗi daga gida yana iya jurewa. Wanda ya dogara da minha kaɗai, kuɗinsa kan ƙare tun wata bai raba ba. Irinsa ne ke barin aji ya bi baƙi masu neman magani yana musu tafinta a asibiti, har shekara ta kuɓuce masa.

Don haka, iyaye da shugabannin zango, kafin mu sa rana mu tambaya: minha ce ko kuɗin gida? Akwai gado a Bu'us ko haya ce? Wa zai tarbe shi? Mu yanka masa abin da za mu iya aikawa duk wata, komai ƙanƙantarsa, mu riƙa aikawa a kan lokaci. Idan ya kira ya ce lafiya lau, mu ƙara tambaya, domin yaranmu na da kunya. Allah ya ba su ilimi mai amfani, ya dawo mana da su lafiya.