Matamaye: Mece ce babbar manhaja, kuma me ya sa tsufanta ke shafar masu kwamfuta da salula?

Tun ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, bayan shekaru 10 da fitowarta. Sanarwar ba ta yi amo ba a garuruwa irin su Matamaye, hedikwatar gundumar Kance a jahar Damagaram, tunda washegari kwamfutoci sun kunnu kamar kullum, shagunan buga takardu da fotokwafi sun buɗe, ma'aikata sun ci gaba da aikinsu. Amma lamarin ya shafi duk wanda ke ajiye takardun jama'a ko lissafin kuɗi a cikin na'ura, domin yawancin kwamfutocin da ke shigowa yankin na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a Turai ko Amurka kafin su biyo ta Kano da Daura su ƙetaro iyakar Ɗan Barto, ko su gangaro daga Yamai. Da dama daga cikinsu Windows 10 ce a ciki, wasu ma Windows 7, wadda aka daina kula da ita tun watan Janairun 2020.

Abin da masu gyara ke kira sistam, shi ne babbar manhaja, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar baki ɗaya. Windows babbar manhaja ce. Haka Android da ke cikin wayoyin Tecno da Itel da Infinix da Samsung, haka iOS ta iPhone, haka Linux. Su kuwa WhatsApp da Facebook da Word ƙananan manhajoji ne, baƙi ne da ke zaune a gidan babbar. Idan babu ita, kwamfuta tarin ƙarfe da roba ce kawai, ko harafi ɗaya ba za ta nuna ba.

Wanda ya san tashar mota ya riga ya san rabin aikinta. A tasha akwai motoci, akwai fasinja, akwai masu lodin rake da buhunan hatsi, kowa na sauri. In babu mai tsara layi, ya ce wannan motar ce ke kan lodi, waccan ta jira, to rigima ce za ta tashi, kuma ba wanda zai bar garin. A cikin na'ura, abin da kowa ke rububi a kai shi ne ƙwaƙwalwar lissafi, wadda ake kira furosesa. Mutum na sauraron karatu ko waƙa, saƙo na shigowa, hoto na sauka, agogo na tafiya, sai a ɗauka duk a lokaci guda ake yin su. A zahiri babbar manhaja ce ke yanka lokaci gunduwa-gunduwa, kowane yanki bai kai ƙiftawar ido ba, ta ba wannan aiki ya ɗan taɓa, ta karɓe ta ba na gaba. Saurin juyin ne ya sa ido ba ya ganewa.

Aiki na biyu shi ne rabon wuri. Na'ura na da ma'aji iri biyu, kuma a nan masu saye ke yawan ruɗewa. Akwai babban ma'aji, kamar rumbu, inda hotuna da takardu ke kwana ko an kashe na'ura. Akwai kuma ƙaramin fili mai sauri da ake kira RAM, kamar faifan da ake ɗebo hatsi a ciki don aikin yanzu. Da an kashe wuta, abin da ke kansa ya tafi. Duk manhajar da aka buɗe sai an ɗebo ta daga rumbu an ɗora a faifai. Babbar manhaja ce ke auna wa kowa wurinsa, ta hana wata ta taka na wata, in fili ya cika kuma ta kori wadda aka daɗe ba a taɓa ba. Shi ya sa waya mai RAM jiga 1 ko 2 ke rufe WhatsApp da zarar an buɗe kyamara. Mai waya kan zargi rezo ko ya ce an sayar masa da jabu, alhali faifan ne ya yi ƙanƙanta. Sayen katin memori ba ya maganin wannan, domin rumbu yake ƙarawa. Saboda irin waɗannan wayoyi ne Google ya fitar da Android Go, samfuri marar nauyi da ake samu a ƙananan wayoyin Itel da Tecno.

Sai ajiyar takardu. Babbar manhaja na riƙe da wani irin rajista da ke nuna inda kowane fayil yake a cikin rumbu, da sunansa, da girmansa. A yankin da wutar NIGELEC ke ɗaukewa ba sallama, wannan ba ƙaramin batu ba ne. Idan wuta ta tafi daidai lokacin da ake rubutu a rajistar, ana iya wayar gari takarda ta ƙi buɗewa, ko kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya. Dalilin ke nan da ake son a kashe na'ura ta hanyar da aka tanada, a kuma sallami ɗan makullin USB kafin a zare shi. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir mai rai ta fi ta tebur tsira daga wannan matsala.

Akwai kuma aikin tafinta. Injin buga takarda da linzami da kyamara kowanne da yarensa, sai an samu ƴar manhajar da ke fassara tsakaninsa da babbar. Masu gyara a Nijar na kiranta pilot. In aka sayo injin bugawa ya ƙi aiki, sau da yawa lafiyarsa lau, tafintan ne babu.

Batun rubutu ma a hannunta yake. Kwamfutar da ta fito daga kasuwannin Kano, kamar Farm Center ko titin Beirut, allon haruffanta na Ingilishi ne, wanda ke farawa da QWERTY, alhali sakataren da ya yi lakwal a Nijar ya saba da AZERTY na Faransanci. Ba sai an sauya allon ba: a cikin saitin babbar manhaja ake gaya mata tsarin da za ta bi. Ta nan ne kuma ake ƙara Hausa, a samu ɓ da ɗ da ƙ, har da ƴ da ƙa'idar rubutun Nijar ke amfani da shi inda Najeriya ke rubuta 'y. Malaman makarantun da ke koyarwa da harsunan gida sun fi kowa buƙatar sanin wannan.

Daga ina suka fito?

Kwamfutocin farko ba su da babbar manhaja, sai ƙwararru su loda aiki ɗaya, ya ƙare, su loda wani. A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara Unix a cibiyar binciken Bell Labs ta Amurka, kuma jininta ne ke yawo a iPhone da kwamfutocin Apple har yau. Microsoft ya fito da MS-DOS a 1981, sannan Windows a 1985. A 1991 wani ɗalibin jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta Linux ya sake ta kyauta, kowa na iya dubawa ya gyara ya raba. Google ya sayi kamfanin Android a 2005, wayar farko mai ɗauke da ita ta fito a 2008, kuma a kan Linux aka gina ta. Ke nan mai sayar da rake da ke riƙe da Tecno a tashar Matamaye yana amfani da aikin wancan ɗalibi ba tare da ya taɓa jin sunansa ba. HiOS ta Tecno da XOS ta Infinix kuwa riguna ne da kamfanin Transsion na ƙasar Sin ya ɗinka wa Android, ba wasu manhajoji ne na daban ba.

Inda haɗarin yake

Aikin da ya fi kowanne nauyi a yau shi ne gadi. Babbar manhaja ce ke tantance wanda zai shiga, da abin da kowace ƙaramar manhaja ke da izinin taɓawa. Sai dai rubutu ne na mutane, layi miliyoyi, ba ya rasa kuskure. Masu kutse na neman irin wannan ɓaraka, kamfani kuma na aiko da faci ta intanet don toshe ta. Ma'anar daina kula da Windows 10 ke nan: duk ɓarakar da aka gano daga yanzu, a buɗe za ta zauna ga wanda bai shiga tsarin ƙarin wa'adi ba.

Duniya ta ga misalin abin da hakan ke jawowa. Ranar 12 ga watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150, tana kulle takardun mutane tana neman fansar dalar Amurka 300. Asibitocin gwamnati a Ingila sun soke ganin marasa lafiya, kamfanin motoci na Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa na Faransa. Abin takaicin shi ne Microsoft ya fitar da facin tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su saka shi ba.

A Matamaye ba sai an jira irin wannan babban hari ba. Makullin USB ɗaya na iya zagaya shagon buga takardu da makaranta da ofis a yini guda, kuma ta haka ne ƙwayar cutar nan da ke ɓoye takardu ta bar gajerun alamomi a madadinsu ke yaɗuwa. Ga kuma al'adar kashe sabuntawa don tsimin mega. Hujja ce mai ƙarfi ga wanda ke sayen intanet da ƴan kuɗi kaɗan, amma tsimin ba ya kai asarar jerin sakamakon ɗalibai ko littafin bashin shago. Windows ɗin da aka saka ta bayan fage, wadda aka fasa mata kulle, ta fi muni, don ba wanda ya san abin da mai fasawar ya cusa a ciki.

Ta ɓangaren salula ma haka ne, kuma a can kuɗi suke, tunda mutane da yawa na karɓa da aikawa ta manhajojin Nita da Amana ko ta asusun kamfanonin waya. Android na tambaya kafin ta bar wata manhaja ta karanta saƙonni ko ta buɗe kyamara. Manhajar tocila da ke neman izinin karanta saƙonni abin tuhuma ce, domin ta saƙo lambobin sirri ke zuwa. Manhajojin da ake turawa hannu da hannu ta Xender, da jabun WhatsApp irin su GBWhatsApp, sun kauce wa binciken da ake yi a Play Store, kuma kamfanin WhatsApp na rufe lambobin masu amfani da na jabun. Tsufa ma na kashe waya tun tana kunnuwa: daga Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan Android da ba ta kai lamba 5 ba.

Mafita ga mai tsohuwar kwamfuta

Hanya ta farko ita ce hawa Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, kyauta ga mai Windows 10 ta halal. Matsalar ita ce sharuɗɗanta: RAM jiga 4, rumbu jiga 64, wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da furosesa ta baya-bayan nan, galibi ta 2018 zuwa sama. Kwamfutocin hannu da dama ba su cika su ba. Masu gyara sun san dabarar tsallake sharuɗɗan, sai dai Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da aika wa irin waɗannan na'urori faci ba. Hanya ta biyu ita ce ƙarin wa'adin da kamfanin ya buɗe wa ɗaiɗaikun mutane har zuwa 13 ga Oktoban 2026, a kan dala 30 ko kyauta ga wanda ya haɗa na'urarsa da asusun Microsoft. Jinkiri ne kawai na shekara guda.

Ta uku ita ce Linux, wadda ba a cika jin labarinta a shagunan gyara ba, alhali ita ta fi dacewa da tsohuwar na'ura. Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya ƙaddamar a 2004, da Linux Mint da Lubuntu, duk kyauta ne, suna da Faransanci, suna kuma samun faci. Akwai ma Emmabuntüs, da aka tsara a Faransa musamman don farfaɗo da tsofaffin kwamfutocin da ake bayarwa kyauta. Jandarmomin Faransa sun mayar da dubban kwamfutocinsu kan Ubuntu, kuma manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duk Linux suke amfani da ita tun 2017. Amma tana da nata cikas. LibreOffice na buɗe takardun Word, sai dai wani lokaci tsarin shafi kan goce, abin da mai buga takardun hukuma ba zai so ba. Wasu injinan bugawa ba su da tafinta a Linux, wasu manhajojin lissafi na ofisoshi kuma Windows kaɗai suka sani. Ga ɗalibi ko ɗakin kwamfuta na makaranta ta wadatar. Mai shago kuwa ya kamata ya fara gwada ta daga makullin USB, ba tare da ya goge komai ba, ya ga ko injinsa zai amsa.

Kowace hanya aka zaɓa, sauya babbar manhaja ko yi wa waya filashin na iya share duk abin da ke ciki, don haka sai an kwafe takardu da hotuna da lambobi zuwa wani wuri kafin a miƙa na'ura ga mai gyara, a kuma tabbatar an san kalmar sirrin asusun Google, in ba haka ba wayar na iya ƙin buɗewa bayan aikin.

Mai shirin saye kuma na iya dubawa da kansa tun a gaban mai kaya. A kwamfuta, a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta winver, lambar samfurin za ta fito. A waya, a shiga «Paramètres», a gangara zuwa «À propos du téléphone», a duba lambar Android da kwanan watan facin tsaro na ƙarshe. Idan kwanan ya wuce shekara biyu ko uku, alama ce kamfanin ya daina kula da wayar, kuma ya kamata hakan ya fito a cikin farashi.