Auren Iri a Gonar Auduga: Halaccinsa da Amanar Mai Sayarwa

Duk lokacin da damina ta ƙarato, akwai tambayar da takan dawo mana a majalisin karatu: shin irin shuka da masana suka haɗa aurensa bai shiga cikin canza halittar Allah da aka yi gargaɗi a kansa a Suratun Nisa'i ba?

Abin da muka fahimta shi ne halal ne, kuma hujjar tana cikin Sahihu Muslim. Manzon Allah (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna ɗaukar furen namijin dabino suna sanya wa macen. Ya nuna musu cewa a ganinsa ko ba su yi ba zai yi kyau, suka daina, dabinon bai yi albarka ba a wannan shekarar. Da suka sanar da shi, sai ya mayar musu da lamarin, domin su suka fi sanin sana'arsu. Mai auren iri bai halicci komai ba. Sababi ya riƙa, wanda iska da ƙudan zuma suke yi kullum da izinin Allah.

Sirrin da ke ciki kuwa abin tsayawa a yi tunani ne. Idan aka haɗa iyaye biyu tsarkakakku waɗanda asalinsu ya yi nisa da juna, ɗansu na farko yakan fi su ƙarfi da yabanya, saboda kowane ɓangare yana rufe raunin ɗan'uwansa. Masanin Amurka George Shull ya nuna haka a masara tun 1908. A auduga, ƙasar Indiya ce ta fara fitar da irin aure ga manoma a 1970, mai suna H-4, aikin Dakta C. T. Patel a garin Surat. Wahalar ba kaɗan ba ce, domin furen auduga yana ɗauke da namiji da mace a tare. Ma'aikata kan cire sashen namijin da hannu da yamma, washegari da safe su shafa garin furen uban da aka zaɓa, fure bayan fure. Zaɓen iyayen ya fi wannan ɗaukar lokaci: shukar da ta fi kyan gani ba lallai ta haifi ɗa nagari ba, sai an gwada haɗi da yawa, damina bayan damina. (Kada ɗalibi ya yi gaggawar kai wannan ƙiyasi ga auren mutane, wancan babi ne daban.)

Inda muke jin tsoro shi ne kasuwa. Ƙarfin nan na ɗan fari ne. Idan manomi ya ajiye anguryar da ya samu daga irin aure ya sake shukawa, siffofin iyaye sukan rarrabu, gona ta fito wani dogo wani gajere, amfani ya ragu. Wannan ya sha bamban da irin SAMCOT na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, wanda ba na aure ba ne. Ido kuma ba ya bambance ɗan fari da jika a cikin buhu.

Saboda haka dillalin da ya zuba jika a sabon buhu ya sayar a kuɗin ɗan fari ya yi algus, irin wanda Manzon Allah (SAW) ya tsawatar wa mai tarin abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa. Nasa ma ya fi ɓoyuwa, domin aibin ba ya bayyana sai kaka, bayan manomin Funtuwa ko Gusau ya ci bashin taki, ya biya 'yan ƙwadago. Manomi ya tambayi sunan irin da wanda ya samar da shi kafin ya biya, ya kuma adana buhun da rasit har auduga ta fashe, domin da su zai kafa hujja idan magana ta kai gaban alƙali.