Tetris: wasan jera tubali da ya fito daga ma'aikatar gwamnati

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan ƴan dara a unguwar Birni ko ta Zango, cikin garin Damagaram, ya san ƙa'idarta: gurbi talatin a ƙasa, ƴaƴa goma sha biyu ga kowane ɗan wasa, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawarsa. Ba a san wanda ya ƙago dara ba, ba kuma wanda ake biya kafin a tona gurbinta. To, akwai wani wasan jerawa da ya gama duniya ta cikin na'ura, sunansa Tetris. Shi kam an san ubansa, kuma an daɗe ana rigima a kan kuɗinsa.

Mutumin sunansa Alexey Pajitnov, ma'aikaci ne mai ɗaukar albashi a cibiyar lissafi ta hukumar masana kimiyya ta Tarayyar Sobiyat, a birnin Masko. Yana sha'awar wani wasan wasa ƙwaƙwalwa inda ake cusa guntayen katako iri goma sha biyu cikin akwati har su cika shi, kowane guntu mai gida biyar. Cikin shekarar 1984 ya so ya maida shi cikin na'urar ofishinsu, Elektronika 60. Ya ga iri goma sha biyu sun yi yawa, sai ya rage gidajen zuwa huɗu, siffofin suka koma bakwai. Daga nan sunan ya samo asali: "tetra" huɗu ke nan da harshen Girka, ya haɗa da "tennis", wasan da yake so. Na'urar ba ta iya zane, don haka da alamomin rubutu ya siffanta tubalan.

Ga yadda ake yin sa. Fili ne mai faɗin gida 10 da tsawon gida 20. Tubala suna faɗowa ɗai-ɗai daga sama, ɗan wasa yana juya su, yana tura su dama ko hagu, don su zauna ba kafa. In jeri ya cika daga bango zuwa bango, sai ya ɓace, a sami maki. Magini a Birni in ya gama jerin tubali yakan ja da baya ya dubi aikinsa. A nan kuwa aiki mai kyau shi ke gushewa, kurakurai ne kaɗai ke taruwa a gaban mutum, saurin faɗowa na ƙaruwa, har ginin ya taɓo sama wasa ya mutu. Abin da ke hana mutum ajiye shi ke nan: kullum yana ganin ɓarnar da yake zaton zai iya gyarawa.

Wani ɗalibi ɗan shekara 16, Vadim Gerasimov, ya taimaka aka maida wasan cikin na'urorin IBM. Daga hannu zuwa hannu ya cika Masko, ya ƙetara Hangari, inda wani ɗan kasuwa daga Ingila ya gan shi, ya shiga sayar da izininsa tun bai kammala yarjejeniya da masu shi ba. A 1988 kamfanin Atari a Amurka da na Sega a Japan suka fito da shi cikin manyan akwatuna na ɗakunan wasa, waɗanda sai an jefa musu tsabar kuɗi suke tashi. Mutanen Japan suka yi masa rububi.

Sai dai a tsarin gurguzu, abin da ma'aikaci ya ƙago da kayan gwamnati na gwamnati ne. Wata hukuma mai suna Elorg ita ke ciniki da baƙi. A watan Fabrairu na 1989 Henk Rogers ya je Masko, ya samo wa kamfanin Nintendo izinin sa wasan cikin ƴar na'urar hannu, Game Boy. An sayar da wajen miliyan 35. Pajitnov bai ga ko dala ba cikin ribar: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya ƙaura Amurka a 1991, amma sai a 1996 haƙƙin wasan ya komo hannunsa, suka kafa kamfani shi da Rogers, ya fara cin gumin aikin da ya yi shekara 12 da suka wuce.

Ƙasar Hausa kuwa ba ta hanyar waɗancan manyan akwatuna wasan ya fi shigo mata ba. Cikin shekarun 1990 masana'antun ƙasar Sin suka yi ta ƙera ƴan na'urorin roba masu aiki da pil, masu araha, da kwaikwayon Tetris a ciki. Su ne suka bi hajar ƴan koli zuwa kasuwannin Afirka ta Yamma, kafin wayar salula ta karɓe su. Yaron da ya ƙarar da pil ɗin rediyon babansa a kan jera tubali bai taɓa jin sunan Pajitnov ba, kuma cikin kuɗin da aka biya ɗan koli, ko tamma ba ta isa Masko ba.