Gayyar Allura da Zare a Paraku da Jugu

Duk wanda ya leƙa shagon tela a Zangon Paraku ko a bakin kasuwar Jugu kwana biyu bayan Salla, zai tarar da abu guda a ƙarƙashin kowane keke, wato tarin ƙyallaye. Ga guntun atamfa, ga na shadda, ga na yadi, wani faɗin tafin hannu, wani ya kai kamu guda. Wasu akan cusa su cikin matashi, wasu kanikawa su karɓa su goge hannu, amma galibinsu bola ce makomarsu, ko kuwa a cinna musu wuta a bayan shago. A waɗannan garuruwa biyu kuma, da zarar hunturu ya kama daga watan Disamba zuwa Fabrairu, akwai yaran da ke kwana a zaure sun cusa gwiwoyinsu cikin riga, akwai tsofaffin da ba su da abin rufa sai zanen da suka wuni da shi. To, jama'a, abin da ke tsakanin tarin ƙyallayen can da yaran nan bai wuce aikin Asabar da Lahadi ba, muddin an samu hannuwa da yawa.

Kafin mu shiga bayanin aikin, ya kamata mai karatu ya san cewa wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe. Wanda ya taɓa kallon hawan Salla a Kano ko Katsina ko Zariya ya ga 'yan lifidi, su da dawakansu sun sha wata riga mai kauri. Lifidi kuwa ba kome ba ne illa ƙyalle sama, ƙyalle ƙasa, a cusa auduga a tsakani, sannan a bi shi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta gudu wuri guda. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke cikin kayan yaƙin Hausawa. Dabarar da ta tare kibiya shekara ɗari shida da suka wuce, ita ce dai ake tare sanyi da ita a yau.

Haka nan kakanninmu da tufa suka san wannan ƙasa. Fataken da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro ta Bargu suke ratsawa, su yada zango a Nikki da Paraku da Jugu, kafin su kai Salaga. Cikin kayan da suke ɗauke da su akwai riguna da rawuna da turkuɗi, ban da kanwa da fatu. Zangunan da muke zaune a cikinsu yau daga nan suka samo asali. Ita kanta babbar kasuwar Paraku, wato Arzeke, ko ba a fassara wa Bahaushe ba ya ji arziki a cikin sunanta.

Ba mu kaɗai muka san darajar guntun ƙyalle ba. A Abome, kudancin ƙasar nan, masu ɗinkin fada sun daɗe suna yanka ƙyallaye masu launi suna ɗora su kan wani su ɗinke, su fitar da tambarin kowane sarki: ɓauna ta Gezo, zaki na Gelele, kifin shak na Behanzin. A Amurka kuma, a wani ƙauye na jihar Alabama mai suna Gee's Bend, jikokin bayi mata sun riƙa harhaɗa tsofaffin wandunan gona da buhuna suna yin barguna saboda gidajensu ba su da abin ɗumama ɗaki. A 1966 matan wannan yanki suka kafa ƙungiyar ɗinki ta haɗin gwiwa, a 2002 aka baje bargunansu a babban gidan nune-nune na birnin Houston, a 2006 kuma hotunan bargunan suka hau kan sarki na gidan wayar Amurka. Abin da talauci ya koya musu ya zama abin alfaharin ƙasa.

Abin takaicin shi ne mu a ƙasar auduga muke. Benin na cikin ƙasashen da ke kan gaba wajen noman auduga a Afirka, har a kakar 2021 zuwa 2022 abin da aka girba ya haura tan 700,000, kuma arewa ce ke noma mafi yawansa, musamman wajajen Banikwara da Kandi. Motocin auduga ta gabanmu suke wucewa zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano, akasarin kayan kuma ɗanye ake fitar da shi zuwa masaƙun Asiya. Mu kuwa sai mu koma tebur ɗin gwanjo neman rigar sanyi. Dattawa ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Tun daga nan mai ƙaramin ƙarfi ya saba da cewa sabon bargo sai dai ya gani a kanti.

Wannan ne ya sa wasu abokan arziki, ni ma ina cikinsu, muka ɗauki wata al'ada da manoma suka riga mu sani, wato gayya, muka kai ta kan keken ɗinki. Cikinmu akwai teloli da malaman makaranta da matan aure da 'yan koyon ɗinki. Wasu a Paraku suke, wasu a Jugu, tafiyar kimanin kilomita 135, kuma dama dangantakar aure da kasuwanci ta haɗa mu. Ba mu da suna, ba mu da ofis. Buhu muke ajiyewa a shagon duk telan da ya yarda, yana yanka yana jefa ragowar a ciki, sai an kusa shiga sanyi mu bi mu tattara. Roƙa muke yi, domin ƙyallen da ya ragu haƙƙin mai kaya ne ko na tela, sai da izini ake ɗauka.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ake fara tsince-tsince. Auduga zalla ake warewa gefe guda. Leshi da yadi mai roba ana fitar da su, domin wanda ke jin sanyi yakan matsa kusa da wuta, yadin roba kuwa in ya kama narkewa yake yi ya manne a fata. Daga nan sai wanki, saboda mai zuba ya zuba tun yanzu, mai tsukewa ya tsuke, sitacin shadda ya fita. Kafin magariba igiyoyin shanya sun cika, kai ka ce tutoci aka kafa.

Da safiyar Asabar 'yan zemijan ke kawo kawunan kekuna, a ɗora su kan ƙafafunsu. Maza suna zaure da rumfar ƙofar gida, mata suna tsakar gida, yara ke kai da kawowa. Nawa aikin shi ne lissafi da ma'auni, tunda abin da na iya ke nan. Mukan yanka kwali murabba'i, santimita 17 kowane gefe, a ɗora shi kan ƙyalle a zana da alli a bi da almakashi. Ɗinki yana cin santimita guda ta kowace kusurwa, saura 15. In aka jera 7 a faɗi, 11 a tsawo, ƙyalle 77 ke nan, sai a samu bargo mai faɗin santimita 105 da tsawon 165, wanda ya ishi yaro ɗan makarantar allo ya rufa har kai. Na jariri kuwa 6 sau 6 ne, wato ƙyalle 36, santimita 90 ta kowane gefe. Zane ɗaya mai yadi 2 ya isa bayan babban bargo, har a samu abin ninkowa a rufe baki. Ashe ke nan turmi guda mai yadi 6 yana yin bayan barguna 3, kuma wannan da zare su kaɗai ne abin da muke fitar da kuɗi mu saya.

Teloli na haɗa ƙyallaye su zama layi, layuka su zama shimfiɗa, mai dutsen guga na biye da su yana kwantar da ɗinki. A nan 'yan koyo ke cin riba, domin yaron da ya wuni yana miƙe ɗinki a gaban maigidansa da sauran manyan teloli, ya samu darasin da zai amfane shi har ranar bikin yayensa, wanda a nan muke kira liberasiyon. Da azahar a ɗaga a yi salla, a ci sakwara da miya, ko wake da shinkafa da soyayyen wagashi, sannan a koma.

Ranar Lahadi ta mata ce. A shimfiɗa tabarma, a ɗora zanen baya, a ɗora abin tsakiya, sannan fuskar da aka harhaɗa. Mun fi sa tsohon zane mai tsabta ko siririn bargon gwanjo a tsakiya, saboda audugar rimi, duk da ɗuminta, dunƙulewa take yi in aka wanke, ga shi kuma wuta ba ta yi mata wuya. Mata huɗu ko biyar ke kewaye bargo ɗaya, kowace da allurarta, su fara daga tsakiya su nufi baki, tazarar yatsu huɗu tsakanin layi da layi. Ana ɗinki ana hira, wadda ta zo daga Jugu ta ji labarin 'yan'uwanta na Paraku. Gaskiyar Hausawa da suka ce zumunta a ƙafa take.

Sai dai akwai wata magana da wata dattijuwa daga cikinmu ta tayar tun farko, wadda ta zame mana doka. Ta ce in dai tsumma za mu harhaɗa mu miƙa wa maraya don mun ga ba shi da zaɓi, to ita a cire hannunta, domin malamai sun sha gaya mana ba a zaɓar abin da mutum ya raina a ba da shi sadaka. Wasu suka ce ai da babu gara ba daɗi. Ita kuwa ta kafe cewa mai sanyi yana da ido, kuma yaron da abokansa suka yi wa dariya saboda bargonsa, jefar da shi zai yi ya kwana a haka. Saboda haka muka yi shawara: ƙyalle mai huji ko tabo ba ya shiga, ana jera launuka a ƙasa a duba kafin a ɗinka, kuma duk bargon da ɗayanmu ba zai yarda ya shimfiɗa wa ɗansa ba, a farke shi a sake. Hakan ya rage yawan abin da muke gamawa, amma abin da ya fita daga hannunmu ba ma jin kunyarsa.

Rabon ma da ƙa'idarsa. Ba a tara mutane, ba a ɗaukar hoto, ba a rubuta sunan kowa a jikin bargo. Limamin unguwa da malaman allo da ungozoma su suka san gidan da ake takaba, da ɗakin da aka haifi bakwaini, wanda sanyi ke saurin kamawa, da almajirin da ya zo ba ko buhu. Su muke miƙa wa, su kai da dare. Ba ma tambayar ƙabila ko addini, domin hunturu bai san Bahaushe da Badende da Babarge da Bafulatani ba. Ana kuma haɗawa da gargaɗi cewa kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, saboda iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Ba za mu ce bargo zai kawar da talauci ba, ko ya ɗauke wa iyaye da hukuma nauyin da ke kansu. Amma unguwar da ke da teloli biyar da gida mai tsakar gida, ta mallaki duk abin da ake bukata. Ina kira ga teloli su ajiye buhu tun yanzu, ga masu sayar da atamfa su taimaka da turmi ko da guda, ga 'yan'uwana malamai su koya wa ɗalibai awo da wannan aiki. Kada a bari sai hazo ya sauko, a watan Oktoba ko Nuwamba ya kamata a zauna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu ikon yi, ya kuma karɓa mana, amin.