Ma'anar Kalmar "Imani" a Bakin Bahaushe

Kalmar nan imani Hausa ta aro ta ne daga Larabci, kuma tushenta ɗaya da amana, aminci da mumini. A wurin malamai ma'anarta ita ce gaskatawa a zuci da rukunai shida: Allah, mala'iku, littattafai, manzanni, ranar lahira da ƙaddara.

Amma a bakin jama'a kalmar ta yi wani reshe. Alal misali, idan manomi a Unguwar Tudu ta ƙasar Gwarzo ya ce da mai ɓoye hatsi sai ya yi tsada, "Ba ka da imani," ba kafirta shi ya yi ba. Nufinsa mutumin ba shi da tausayi. Haka nan akan ce "kisan rashin imani," ko da mai laifin ba ya barin salla.

Wato Bahaushe yana auna abin da ke zuci ne da yadda mutum ke bi da 'yan'uwansa. Saboda haka wajibi ne mai fassara da malamin makaranta su rarrabe ma'anonin biyu: kishiyar ta farko kafirci, kishiyar ta biyu kuwa ƙeta. Wanda ya cakuɗa su yana iya ɗora wa Musulmi tuhumar da ba a yi masa ba.