Daga Malanville Zuwa Kandi a Kan Sabon Babur

Ranar wata Asabar, kasuwar Malanville na tsakiyar ci, wani dillalin babura ya miƙa mini makullin sabon moto ƙirar Indiya mai cc 150, irin wanda ake tallatawa don doguwar tafiya. Ya ce in gwada, in faɗa wa 'yan kasuwa gaskiya. Na ɗaure buhun albasa a baya, tunda ba wanda zai saye shi don yawon shan iska, na kama titin Kandi, kimanin kilomita 100.

Abin da ya sa maganar babur ta yi nauyi a garin nan kowa ya sani. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya, manyan motoci suka yi ta jerin gwano, kaya suka koma kwale-kwale, babur ne ke kai su bakin kogi. A shekarar ce kuma Najeriya ta janye tallafin fetur, man bumburutu da muke kira kpayo ya yi tsada. Mai sayen babur yau sai ya fara tambayar cinsa kafin kyansa.

A kan kwalta bai ba ni kunya ba. Har na wuce Guéné injin bai yi kuka ba, kujerar na da faɗi, bayana bai ƙage ba kamar yadda ƙaramin mai cc 100 ke yi mini. Inda na same shi da laifi shi ne da na sauka cikin yashi wajen wani ƙauye. Nauyinsa da na buhun suka haɗu, gaban ya riƙa rawa, sai da na sa ƙafa biyu a ƙasa, yara na dariya.

Saboda haka, Alhaji, in harkarka Kandi ce ko Parakou, kuɗinka ba za su tafi banza ba. In kuwa tsakanin rumfa da bakin ruwa kake jigila, riƙe ƙaraminka, wanda kowane bakanike ke da kayan gyaransa. Kafin ka biya, zagaya wurin masu kayan gyara ka tambayi sarka da faifan kulocinsa, ka ji ko suna da su.

Kuma ka sa kuɗin hular kwano biyu cikin lissafi. A watan Maris na 2024 'yan sandan Benin suka tsananta kama direba da fasinja marasa ita. Ni ma a mashigar Kandi hular aka fara dubawa kafin takardu.